Shakkar kuɗi ba ta tsayawa a bakin iyaka

 Yau maganar kuɗi nake so mu yi, musamman wata cuta da ke bin kuɗi wadda ba a cika kiran sunanta ba, alhali kuwa ta fi faɗuwar kuɗin kanta cin jarin talaka. Cutar nan ita ce shakka, wato rashin sanin abin da mahukunta za su yi da kuɗi gobe. Duk kayan da ke shigowa daga Ilela ta Sakkwato zuwa Birnin Ƙonni sai sun tsaya gaban duwan, amma shakka ba ta da takarda, ba ta jiran a buɗe shinge. Gwamnan babban banki zai yi magana da safe a Abuja, kafin la'asar farashin rago ya motsa a kasuwar Badagishiri.

Mu mutanen wannan yanki da kuɗi biyu muke rayuwa. A aljihun dama sefa, a na hagu naira. Makiyayin da ya koro bisashensa daga arewacin Tawa zuwa Badagishiri sefa yake so a ba shi, wanda kuwa zai ci naman a Sakkwato ko Kano ko Legas naira ce a hannunsa. Haka manomin albasa na Galmi da Tsarnawa, haka mai wake. A ɗaya gefen kuma, uwar gida mai saro atamfa da robobi da sabulu da takalma daga Nijeriya da naira take saye, ta dawo ta sayar da sefa. Tsakanin kuɗin nan biyu akwai ɗan canji zaune a Ƙonni da jakarsa da wayarsa. To amma babu ɗaya daga cikin kuɗin nan biyu da ake yanke hukuncinsa a jihar Tawa. Naira tana hannun babban bankin Nijeriya a Abuja. Sefa kuma tana hannun BCEAO mai cibiya a Dakar, bankin da ƙasashe 8 na UEMOA suka yi tarayya a kansa, kuma tun shekarar 1999 an ɗaure ta da yuro, yuro guda a kan sefa 655,957, wato sefa 656 ba kaɗan. Ke nan duk abin da ya girgiza Abuja, ko Dakar, ko Turai, sai ya iso mu.

Bari mu ɗauki misali domin a ga yadda abin yake aiki. A ce wani ɗan kasuwa ya sayi shanu a Badagishiri, ya kai Ilela ta Nijeriya ya sayar a kan naira 600.000, a bisa amana, za a biya shi bayan sati biyu. Ranar cinikin ana canja jika guda a kan naira 1.200, lissafinsa ya ba shi jika 500. Ranar da aka biya shi canji ya koma 1.400, sai ya tashi da jika 428 da ƴan kai. Jika 70 da wani abu sun tafi, ba ɓarawo, ba gobara, ba saniyar da ta mutu a hanya. Wannan ita ce hasarar faɗuwar kuɗi, kowa ya san ta. Amma ku dubi abin da zai biyo baya. Ranar kasuwa ta gaba mutumen nan zai dawo Badagishiri da tsoro a zuciyarsa. Ko da naira ba ta ƙara motsawa ba, zai rage tayin da yake yi, don ya bar wa kansa wurin tsira in ta sake faɗuwa. Zai ƙi ba da kaya bashi. Wataƙila ma ya ce bari ya zauna gida sati biyu ya ga inda iska ta dosa. Makiyayin da bai taɓa riƙe naira ba shi zai biya kuɗin wannan tsoro, domin an taya ragonsa ƙasa da ƙimarsa. Matarsa da ta aiko a sayo mata tiya biyar ta hatsi sai ta ga uku. Mai tuwo-tuwo da mai fura da ɗan kabu-kabu duk sun ji a jikinsu.

Ɗan canji shi ma haka yake yi. In hankali a kwance yake, tazarar da ke tsakanin farashin da yake sayen naira da wanda yake sayar da ita kaɗan ce. Da zarar labari ya fara yawo cewa za a yi wani abu, sai ya buɗa tazarar. Mutane su yi ta zagin sa, ana cewa ƴan canji ba su da tausayi. Gaskiya akwai masu haɗama a cikinsu kamar kowace sana'a, amma mafi yawan lokaci mutumen yana kare jarinsa ne daga abin da shi ma bai san ƙarshensa ba. Wannan tazara haraji ce da babu majalisar da ta kafa ta, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ya fi kowa biyan ta, tunda shi ba ya da asusu a banki biyu, ba ya da wanda zai kira a Abuja ya ji gaskiyar magana.

Dattawan kasuwa ba su buƙatar a karanta musu wannan darasi, sun gan shi da idonsu. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canja launin takardun naira, ta ba da ƴan kwanaki kaɗan a musanya, kuma ta rufe iyakoki don kada nairar da ke waje ta koma gida. Mutanenmu da yawa da ke ajiye da naira sun wayi gari da takardun da ba su sayen ko goro. Abin ya haɗu da fari, har mutane a wurare da dama na ƙasar nan suka raɗa wa yunwar wannan lokaci suna El Buhari. Ba a sake buɗe iyakar ba sai 1986. Bayan shekara 10 kuma sai ga namu. An daɗe ana raɗe-raɗin za a karya darajar sefa, manya suna ta musantawa, har ranar 11 ga watan Janairu na 1994 da aka taru a Dakar aka raba ta biyu: faran guda na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Tun kafin ranar masu hannu da shuni sun kwashe dukiyarsu sun fitar, talaka da ya yarda da maganar manya shi aka bari riƙe da jaka. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne amanar da ta karye a ranar. Shekara 30 da wani abu ke nan, amma har yau in aka ce za a taɓa sefa, sai ka ga gaban tsofaffin ƴan kasuwa ya faɗi.

Na baya-bayan nan kuwa ko yara sun shaida. Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan babban bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar za a sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1.000, tsofaffin su daina aiki ranar 31 ga Janairu 2023. Da ranar ta matso aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Bayan nan shugaba Buhari ya fito ya ce tsohuwar 200 kaɗai za ta ci gaba da aiki zuwa watan Afrilu. Wasu gwamnonin jihohi suka kai ƙara, suka ce wa mutanensu su ci gaba da karɓar tsofaffin. Ranar 3 ga Maris kotun ƙoli ta ce dukansu suna aiki har ƙarshen shekara, daga baya a watan Nuwamba ta cire wa'adin baki ɗaya. Ku ƙidaya da kanku sau nawa magana ta canja a kan takarda guda. A cikin waɗannan watanni mace mai kayan miya a Ƙonni in an miƙo mata tsohuwar 500 ba ta san ko ta karɓa ko ta ƙi ba. Masu sayen bisashe daga Nijeriya sun rasa tsabar kuɗi, kasuwar dabbobi kuwa ba ta saba da turawa ta waya ba. A ƙarshe tsofaffin takardun ba su mutu ba, amma wanda ya firgita ya karyar da nasa a kan rabin ƙima babu mai mayar masa.

Ba a gama wannan ba sai ga sabuwar gwamnati ta Bola Tinubu. A watan Yuni na 2023 babban bankin ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar Amurka, ba dalarmu ta sefa biyar ba, wadda hukuma ke sayarwa wajen naira 460, ta haura 700 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta wuce 1.500. Jika guda da ake canjawa naira dubu da ɗan wani abu a farkon 2023 ta haura naira 2.000. Duk wannan ya faru a daidai lokacin da mu ma muke cikin namu hali, domin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyoyin CEDEAO da UEMOA sun ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, aka toshe hulɗar gwamnati da BCEAO, bankuna suka taƙaita abin da mutum zai iya cirewa daga kuɗinsa. Sai a watan Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, a watan Maris aka buɗe iyakar Ƙonni da Ilela. Ɗan kasuwar yankin nan ya shafe watanni bai san abin da aljihunsa na hagu zai zama ba, na dama kuma hannunsa bai kai gare shi yadda yake so.

Kada kuma a ɗauka sarƙar ta tsaya a Abuja. Daga watan Maris na 2022 zuwa Yuli 2023 babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari don ya yaƙi tsadar kaya a ƙasarsa. In kuɗin ruwa ya hau a Amurka, masu manyan jari na duniya sukan janye dalarsu daga ƙasashe irin su Nijeriya da Gana su mayar can, dala ta yi wuya, kuɗin ƙasashen su yi rauni. Tun ma kafin a ɗaga, hasashen za a ɗaga ko ba za a ɗaga ba ya isa ya sa su riƙe hannu. Babban bankin Turai shi ma ya bi sahu, BCEAO kuma ta ɗaga nata daga kashi 2 a 2022 zuwa 3,5 a ƙarshen 2023, bashin banki ya ƙara tsada ga manyan ƴan kasuwar da ke shigo da shinkafa da sukari da mai, su kuma suka sauke nauyin a kan masu sari. Mai sayar da ƙosai a tashar Malbaza ba ta san sunan ko ɗaya daga cikin mutanen da suka yanke waɗannan hukunce-hukunce ba, amma farashin galan ɗin manta yana da alaƙa da su.

Na san wani zai ce, ai faɗuwar naira alheri ce gare mu, tunda da jika kaɗan za ka cika buhu a Sakkwato. Akwai gaskiya a ciki, mata masu saro kaya sun ga haka a wasu lokuta. Amma garaɓasar ba ta daɗewa, domin tsadar kaya a Nijeriya takan biyo bayan faɗuwar ta cinye ribar, kuma abin da mai saro roba ta samu, makiyayi da manomin wake sun yi hasarar fiye da shi, alhali su ne masu sayen robar. Abin da ɗan kasuwa yake nema shi ne farashin da zai iya yin lissafi a kansa. In jika ta tsaya a naira 2.500 wata shida, kowa zai gyara cinikinsa a kan haka, bashi ya dawo, amana ta dawo. In kuwa yau 2.000, jibi 2.600, gata 2.200, to ko mai riba ba ya barci. A cikin shekarar 2025 da naira ta ɗan natsu a wajejen 1.500 a kan dalar Amurka, ba ta koma darajarta ta da ba, amma aƙalla mutum yana iya cewa a biya ni bayan sati biyu ba tare da ya yi caca ba.

Wani kuma zai ce, hukuma ba ta iya tallan cewa ranar kaza za ta karya kuɗi, domin kowa zai gudu da nasa. Wannan ma haka ne, akwai sirrin da dole a riƙe. Amma riƙe sirri daban, faɗin magana biyu daban. Mun ga yadda canjin takarda ke tafiya in an tsara shi. A shekarar 2004, bayan fashin da aka yi wa rassan BCEAO a arewacin Kodebuwa lokacin yaƙin ƙasar, bankin ya janye tsofaffin takardun sefa samfurin 1992. An faɗi ranar farawa a watan Satumba, an faɗi ranar ƙarewa a ƙarshen Disamba, an faɗi wuraren musanya. An sha wahalar layi, mutanen karkara sun sha tafiya, amma kowa ya san takardar da ke hannunsa za ta zama sabuwa a kan ƙimarta. Ku gwada wannan da abin da ya faru da naira a 2023.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ke bakin kowa a rumfuna, wato maganar sabon kuɗin ƙasashen AES. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancensu a watan Satumba na 2023, sun ba da sanarwar fita daga CEDEAO a watan Janairu 2024, fitar ta tabbata a Janairu 2025. A watan Fabrairu 2024 shugaban ƙasa Janar Abdourahamane Tiani ya yi magana a kan yiwuwar ƙasashen uku su yi kuɗinsu, yana mai cewa kuɗi alama ce ta ƴancin kai. A daidai wannan lokaci ministan harakokin wajen Mali ya ce ƙasarsa tana nan cikin UEMOA. Can gefe kuma ga maganar kuɗin eco na CEDEAO da aka sha ɗagawa, har aka kai shi 2027. Ni ba na cikin masu cewa ƙasa ba ta iya riƙe kuɗinta. Muritaniya ta bar sefa a 1973 kuma tana nan da kuɗinta. Mali ta fita a 1962, ta sha wuya, ta dawo a 1984. Abin yana yiwuwa, kuma yana iya lalacewa, ya danganta da shiri. Abin da nake cewa shi ne, tsakanin faɗin magana da aikata ta akwai wani fili, kuma in hukuma ta bar filin nan babu bayani, ƴan jita-jita ne ke shuka a cikinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa kuke ganin hotunan takardun kuɗi na ƙarya suna yawo a WhatsApp da Facebook, da muryoyin mutanen da ba a san su ba suna rantsuwa cewa wata mai zuwa sefa ta mutu. Duk lokacin da irin wannan murya ta zagaya, akwai wata baiwar Allah da za ta fasa adashenta ta sayi kayan da ba ta buƙata, akwai wani da zai ƙi ba da bashin da ya saba bayarwa.

Don haka kirana na farko ga mahukunta ne, na Yamai da na Dakar. Ku riƙa yi wa mutane bayani a kan kuɗinsu, da bakin mutum guda, a kai a kai, ko da bayanin shi ne babu abin da ya canja. In akwai shiri, a faɗi matakansa, a tabbatar wa mutane tun yanzu cewa duk ranar da za a taɓa takardar kuɗi za a ba da isasshen wa'adi, a kai wurin musanya har kasuwannin ƙauye, kada a ce mai jika 20 a Badagishiri sai ta hau mota zuwa Tawa. Kuma a yi bayanin da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajaƙ da Barbarci a gidajen rediyo, domin sanarwar da aka buga da Faransanci a Yamai ba ta isa kunnen masu riƙe da kasuwa. Mu ma ma'aikatan rediyo akwai namu nauyi. Kada mu ɗauki abin da muka tsinta a waya mu watsa shi kamar labari, kuma ya kamata farashin canji na Ƙonni ya shiga cikin labaran kasuwa kamar yadda ake faɗin farashin buhun hatsi da na albasa. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da sarakunan kasuwa na ɓangarorin iyaka biyu su ma su riƙa zama tare, tunda Ƙonni da Ilela ta Sakkwato kasuwa guda ce da shinge a tsakiya.

Kirana na biyu gare ku ne ƴan'uwa. Ba mu da iko a kan Abuja ko Dakar, amma muna da iko a kan bakinmu lokacin ciniki. In za ka ba da kaya bashi a ƙetaren iyaka, ku yanke tun a wurin da wane kuɗi za a biya, in naira ce a kan wane canji, gaban shaidu, in da hali a rubuta. Yawancin rigimar da ke raba abokan ciniki na shekara da shekaru daga nan take tashi. Kada ki kwana da naira mai yawa in ba sayayya za ki koma yi da ita ba, kuɗin da za ki ci da shi a gida ki riƙe shi da kuɗin gida. Masu adashe su tsaya a kan kuɗi guda daga farkon zubi har ƙarshe. In labari ya zo ta waya, a tambaya wa ya faɗa, a ina, yaushe, a jira a ji shi daga rediyo ko daga bakin hukuma kafin a taɓa jari. Wanda ya yi saurin karyar da tsofaffin nairorinsa a Fabrairu 2023 ya ga amfanin haƙurin sati uku da bai yi ba. Kuma kada a zuba dukan jari a hanya guda, albasar Galmi tana da kasuwa a Gana da Kodebuwa da Benin, ba Nijeriya kaɗai ba.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mun ga abin da magana biyu ta yi wa maƙwabtanmu a 2023, mun kuma ɗanɗana rabonmu a ciki ba tare da an shawarce mu ba. Kuɗi takarda ce, abin da ke ba ta daraja shi ne yardar mutane cewa gobe ma za a karɓe ta, kuma wannan yarda ta fi kowane gini wuyar gyara in ta rushe. Duk wanda Allah ya ɗora wa riƙon kuɗin jama'a, ya tuna da matar da ke kasa tumatir a bakin hanyar Tawa kafin ya buɗe baki, ya kuma tuna da ita kafin ya yi shiru.

Allah shi ba mu kasuwa mai albarka, shi kare jarin kowa, shi zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai wani jiƙon in mai duka ya kai mu.